Tikitin jirgin ƙasa a Turai: arahar wa, tsadar wa?

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Duk shekara idan lokacin hutu ya gabato, akwatin saƙona yakan cika da tambaya iri ɗaya, daga 'yan'uwa masu shirin zuwa Turai da kuma ɗalibai sababbin zuwa: "Malam, a ina zan yanki tikitin jirgin ƙasa? Tun yanzu zan saya ko sai na iso? Wannan manhajar da na gani ta gaskiya ce kuwa?" Amsar ba ta shiga layi biyu, kuma yatsuna sun gaji da maimaitawa. To ga ta nan gaba ɗaya, haɗe da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da tsarin, don akwai shi.

Da farko ka cire a ranka cewa akwai wani abu guda wai shi jirgin ƙasan Turai. Kowace ƙasa da kamfaninta, da dokokinta, da irin halinta. Jamus, inda nake zaune, tana da Deutsche Bahn, wanda kowa ke kira DB. Faransa na da SNCF, Italiya Trenitalia, Sifaniya Renfe, Ostiriya ÖBB, Suwizalan SBB. Sai kuma waɗanda suka shigo daga baya suna gogayya da su, irin su Italo a Italiya, Iryo a Sifaniya da FlixTrain a Jamus. Layin dogon a haɗe yake, za ka iya tashi daga Amstadam ka sauka a Roma ba ka taka filin jirgin sama ba. Amma idan aka zo wajen sayar da tikiti, kowa gashin kansa yake ci, kuma daga nan duk rikicin ya samo asali.

Jiragen nesa masu gudu ba su da tsayayyen farashi. Tsarinsu irin na jirgin sama ne: ana fara sayarwa da araha, kujeru na raguwa kuɗi na hawa. A jirgin ICE guda daga Kolon zuwa Barlin za ka tarar da mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya biya ƙasa da Yuro 30, ɗaya ya biya sama da Yuro 100, tarago ɗaya, lokacin sauka ɗaya. Bambancinsu kawai ranar da kowa ya saya da kuma sharaɗin da ya yarda da shi. A wurin DB tikiti hawa uku ne. Akwai Super Sparpreis, mafi araha, wanda yakan fara daga wajen Yuro 18, amma ya ɗaure ka da jirgi guda a lokaci guda, kuma idan ka fasa tafiya kuɗinka sun tafi. Akwai Sparpreis, shi ma ɗaure yake da jirgi guda, sai dai idan ka soke kafin ranar tafiya za a cire Yuro 10 a ba ka sauran a matsayin takardar da za ka sayi wani tikitin da ita, ba tsabar kuɗi ba. Sai Flexpreis, mai tsada, wanda ke ba ka damar hawa duk jirgin da ka ga dama a wannan hanyar a wannan ranar. Sauran ƙasashe sunaye ne kawai suka bambanta, a Trenitalia ana ce musu Base da Economy da Super Economy, a Ostiriya mai arahar Sparschiene ne. Ƙa'idar ɗaya ce: gwargwadon arahar tikiti, gwargwadon yadda ya ɗaure maka ƙafa.

Yaushe ake buɗe sayarwa? Nan ma kowa da nasa. Tun watan Oktoba na 2024 DB ya ƙara wa'adin daga wata 6 zuwa wata 12. SNCF yakan buɗe kimanin wata 4 kafin tafiya, kashi-kashi, kuma ranar da aka buɗe tikitin hutun Kirsimeti ko na bazara Faransawa kan yi masa rubdugu tun da asuba. Na Sifaniya wani lokaci sai saura 'yan makonni za ka ga jiragen sun bayyana. Sannan akwai abin da baƙi ba su sani ba: a tsakiyar Disambar kowace shekara duk Turai ake sauya jadawalin jirage. Idan kana neman tikitin ƙarshen Disamba tun a watan Satumba ka ga shafi fayau, kada ka ce kujeru sun ƙare ka ruga sayen na jirgin sama. Sabon jadawalin ne ba a ɗora ba tukuna.

Ba kuma kowane jirgi ne ke buƙatar wannan tsere ba. Jiragen yanki, waɗanda ke tsayawa ƙananan garuruwa, yawancinsu farashinsu ɗaya ne yau da gobe, babu ribar saye da wuri. A Jamus ma akwai Deutschlandticket, tikitin wata-wata da aka fara a Mayun 2023 a kan Yuro 49, ya koma 58 a Janairun 2025, sannan 63 a Janairun 2026. Da shi za ka hau bas da jirgin cikin gari da jirgin yanki a duk faɗin ƙasar. Amma fa ba ya aiki a ICE, kuma rajista ce mai sabunta kanta, idan ba ka soke a kan lokaci ba za a ci gaba da zarar kuɗi daga asusunka kana can gida Kano.

Wani bambanci da ke rikita mutane shi ne maganar kujera. A jiragen TGV na Faransa, Frecciarossa na Italiya, AVE na Sifaniya da kuma Eurostar, tikiti da kujera tare suke zuwa. Idan kujeru suka ƙare, jirgi ya cika, ko nawa gare ka ba za ka shiga ba. A cikin Jamus da Ostiriya da Suwizalan kuwa tikiti izinin hawa ne kawai. A Jamus kujera sai ka ƙara Yuro 5 da ɗoriya, in ba haka ba ranar Juma'a da yamma ko Lahadi za ka iya shan tsayuwa daga Frankfurt har Hamburg, ko ka zauna a kan akwatinka kusa da banɗaki. Dattijo ko mai goyo, don Allah a kama masa kujera.

Yanzu ga ainihin tambayar: a hannun kamfanin jirgi za ka saya, ko a hannun dillali?

Dillalan da aka fi sani su ne Trainline, Omio da Rail Europe. Ba 'yan damfara ba ne, tikitin da suke sayarwa na gaske ne, daga rumbun kamfanonin suke ɗauko shi. Matsayinsu kusan irin na ɗan kamasho ne a tasha: ba shi da mota ko ɗaya, amma ya san duk motocin da ke lodi, kuma yana da la'adarsa. Amfaninsu a fili yake. Shafin Trenitalia ba zai nuna maka jirgin Italo ba ko da ya fi araha ya kuma riga tashi. Shafin Renfe ba ya sayar da Iryo. Manhajar SNCF Connect ba za ta sayar maka da jirgin Trenitalia da ke tafiya daga Faris zuwa Lyon ba. Wa zai tallata hajar kishiyarsa? Dillali shi ke jera maka su a shafi ɗaya ka kwatanta, cikin harshen da kake ji, kuma sau da yawa katin bankin da shafin kamfani ya ƙi karɓa sai ka ga ya wuce a wurinsa.

Abin da za ka biya a madadin haka abu biyu ne. Na ɗaya kuɗin hidima da yawancinsu ke ɗorawa, wanda wani lokaci ba ka ganinsa sai ka kai shafin biya. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne ka sa mutum na uku tsakaninka da mai jirgi. Muddin komai na tafiya daidai ba za ka ji a jikinka ba. Ranar da aka shiga yajin aiki, ko kana son sauya rana, ko kana neman a mayar maka da kuɗi, sai ka je kantar kamfani a tasha a ce maka ka koma inda ka saya, inda ka saya kuma ba shi da ofis a tashar, sai dai ka rubuta saƙo ka jira. Ƙari a kan haka ba kowane rangwame ne ke bayyana a wurin dillali ba, kuma saƙon cewa an sauya dandamalin da jirgi zai tsaya yakan fi saurin isowa ta manhajar kamfanin.

Wannan na ƙarshen ma ba duka laifin dillalai ba ne. A watan Yunin 2023 hukumar hana babakere a kasuwanci ta Jamus ta yanke cewa DB yana amfani da ƙarfinsa wajen danne dillalan intanet, ta umarce shi ya riƙa ba su bayanan jinkiri da sokewar jirage, ya kuma biya su la'ada. A Janairun 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta ɗaure Renfe da alƙawarin buɗe wa dillalai dukkan tikitocinsa da bayanansa. Wato kokawa ce ake yi a kan wa zai riƙe fasinja, mu kuma muna tsakiya riƙe da akwatuna.

Ni ga yadda nake yi. Ina duba shafin dillali don in ga duk abin da ke akwai. Idan tafiyar ta kamfani ɗaya ce daga farko har ƙarshe, sai in koma shafin kamfanin in saya a can. Idan a Italiya ne ko Sifaniya, inda jirage da yawa ke bin hanya ɗaya kuma ba canji a tsakani, ba na ganin aibin saye a wurin dillali idan kuɗin hidimar bai taka kara ya karya ba. Abin da nake gargaɗi a kansa shi ne shafukan da ke fitowa a saman sakamakon bincike a matsayin talla, masu launi da suna shigen na kamfanin gaske, suna ninka farashi. Ka rubuta adireshin kamfanin da hannunka, ko ka sauke manhajarsa.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne tafiya mai canjin jirgi, musamman idan za a tsallaka iyaka. Nan ne nake so a karanta a hankali.

Tarayyar Turai tana da dokar haƙƙin fasinjojin jirgin ƙasa, mai lamba 2021/782, wadda ta fara aiki ranar 7 ga Yunin 2023. A ƙarƙashinta, idan ka isa inda za ka da lattin minti 60 zuwa 119, kana da diyyar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti. Daga minti 120 zuwa sama, kashi 50. Idan ya tabbata lattin zai kai awa guda, kana da zaɓi: a mayar maka da kuɗinka, ko a ɗora ka a wani jirgin ba tare da ƙarin ko sisi ba. Idan dare ya yi maka a hanya, masauki a wuyan kamfani yake. Idan minti 100 suka wuce ba a faɗa maka yadda za ka ci gaba ba, kana iya nemo wani jirgin ƙasa ko bas da kanka a biya ka. Akwai togaciya, misali kamfani na iya ƙin biyan diyya idan bala'in yanayi ne ya jawo lattin, amma dai doka ce mai kyau.

Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan abu guda: tafiyar ta zama yarjejeniya ɗaya, tikiti ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Idan tikiti biyu ne daban, a idon doka tafiya biyu ka yi. Jirgin farko ya yi lattin minti 40, na biyu ya tafi ya bar ka. Kamfanin farko zai ce lattinsa bai kai awa ba, ba ka bin sa komai. Na biyu zai ce shi ya tashi a kan lokaci, kai ne ba ka zo ba. Kowanne a kan gaskiyarsa yake, kai kuma tikitinka mai araha ya zama takardar tsire, sai ka sayi sabo a farashin ranar, wanda shi ne mafi tsada.

To ai da sauƙi, in ji wani, sai a sayi tikiti ɗaya. Da ana samu ai da an huta. Doka ta tilasta tikitin bai-ɗaya ne kawai idan kamfani ɗaya ke da jiragen duka. Da zarar kamfani biyu suka shiga, ya zama ganin dama. Kuma ga inda ake yi wa mutane shigo-shigo ba zurfi: kana iya biya sau ɗaya, a shafi ɗaya, da kati ɗaya, amma abin da aka ba ka tikiti biyu ne. Dokar ta ce idan dillali ya haɗa maka tikitoci da kansa a ciniki guda kuma canji ya kuɓuce maka, sai ya mayar maka da kuɗinka duka ya ƙara maka kashi 75 cikin ɗari. Amma ta bar masa ƙofa: idan ya sanar da kai kafin ka biya cewa yarjejeniyoyi ne daban-daban, ya kuma rubuta a takardar, ya fita. Ka san kuwa ba wanda zai manta da rubuta wannan layin. Yana nan, da ƙananan baƙaƙe, daidai wurin da ido ba ya tsayawa.

Bara wani aminin mahaifina ya zo taro, ya ce zai ƙarasa wata ƙasar ya ga 'yarsa da ke aure a can. Yaronsa ne ya haɗa masa tafiyar tun daga gida ta wata manhaja, canji ɗaya a tsakani, tazarar minti 18. Da magariba sai ga wayarsa.

"Ɗana, ga ni a tasha, jirgin ya tafi. Na je wurin waɗannan sun ce ba nasu ba ne, na je wurin waɗancan sun ce sai dai in sake saye."

"Baba, ku turo mini hoton tikitin in gani."

Ina dubawa na ga lamba biyu, kamfani biyu, ga kuma layin nan a ƙasa. Mutumin da ya haura saba'in, ba ya jin yaren ƙasar, ga ciwon gwiwa, ga akwati cike da tsarabar jikoki, kilishi da kuka da daddawa. Sabon tikitin da muka saya masa a daren ya fi kuɗin tafiyar duka yadda aka saye ta da farko. Da ya isa ya kira ni, abin da ya fi damunsa ma ba kuɗin ba ne. Cewa ya yi, "A tashar Kano ko direba ya tafi ya bar ka, akwai wanda za ka riƙe wa riga. Nan kowa na da ladabi, amma ba mai alhaki." Ban samu abin ce masa ba, don haka ɗin ne.

Akwai wata 'yar mafita da yawancin fasinjoji ba su san da ita ba. Manyan kamfanoni da dama, ciki har da na Jamus da Faransa da Ostiriya da Suwizalan, suna da wata yarjejeniya a tsakaninsu da ake kira AJC. A tafiyar ƙasa da ƙasa, idan lattin jirgin ɗayansu ya sa na ɗayan ya kuɓuce maka, za a iya ɗora ka a jirgi na gaba kyauta ko da tikitocinka daban-daban ne, muddin ka bar tazara mai ma'ana kuma ka karɓi shaidar latti daga ma'aikacin jirgin farko. Amma alfarma ce tsakanin kamfanoni, ba haƙƙi ba ne da za ka kai ƙara a kansa, ba ta haɗa da masauki, kuma ba kowane kamfani ke ciki ba. Duk da haka ka nemi shaidar tun kana cikin jirgin da ya makara, kafin ka sauka, kuma ka ambaci sunan yarjejeniyar a kanta.

Maganar tazara kuwa, kada ka yarda da abin da kwamfuta ta lissafa maka. Alƙaluman DB da kansa sun nuna cewa a 2024 kashi 62.5 cikin ɗari ne kawai na jiragensa na nesa suka zo a kan lokaci, kuma a lissafinsu jirgin da bai kai lattin minti 6 ba ya zo a kan lokaci ke nan. Wannan labarin da muka taso da shi cewa da jirgin Jamus ake saita agogo, a bar shi a tarihi. Idan tikiti ɗaya ne, ba damuwa sosai: a tsarin DB da zarar an hango za ka isa da lattin minti 20 ko fiye, ɗaurin da ke kan tikitinka mai araha ya kwance, ka hau wani jirgin. Idan tikiti biyu ne, ni ba na barin ƙasa da awa guda, idan kuma jirgin sama zan tara ko jirgin ƙarshe na dare, awa biyu zuwa uku. A Faris ma ka ƙara, domin manyan tashoshinta daban-daban ne: wanda ya zo daga Landan ko Brussels a Gare du Nord zai sauka, idan kudu ya nufa sai ya bi ta ƙarƙashin ƙasa da kayansa zuwa Gare de Lyon.

Yanzu bari in faɗi abin da ke damuna, wanda ya wuce dabarar saye. Duk shawarar da ake bayarwa ita ce ka saya da wuri. Shawara ce mai kyau ga wanda ya san inda zai kasance nan da wata uku: ma'aikacin ofis da aka amince masa da hutunsa tun Janairu, ko ɗan fansho. Mu fa? Ku duba tafiye-tafiyen da Bahaushe ke yi a Turai. Suna: ranar bakwai ake yi, ba wanda zai ba ka sanarwar da ta wuce mako guda. Jana'iza: yau aka kira ka, gobe ko jibi kana hanya, kuma ba abin da za ka ce wa iyalan mamaci wai tikiti ya yi tsada. Sallah: wasu masallatan lissafi suke bi, wasu sai an ga wata, har daren ƙarshe kana tsakanin Talata da Laraba, tikitinka kuma ya ɗaure ka da jirgin ƙarfe bakwai na safiyar rana guda. Ga masu aikin karɓa-karɓa a rumbunan kaya da gidajen kula da tsofaffi, waɗanda jadawalin aikinsu ke fitowa saura mako biyu. Duk waɗannan farashin sama suke biya. Kujerar Yuro 18 ta mai sukuni ce, wanda lokacinsa ke hannunsa, wanda kuma zai iya biyan Yuro 100 ɗin bai ji komai ba. Na san hujjar kamfanoni: da wannan tsarin ake cika jiragen tsakar rana da ba kowa, ake rage cunkoson Juma'a. Hujja ce, ban raina ta ba. Amma na sha ganin ɗan'uwa ya kwana a bas awa goma sha don zuwa ta'aziyya, jirgin da zai kai shi cikin awa huɗu kuma yana wucewa da kujeru a buɗe.

Wanda ke tahowa daga gida nasa ya fi haka. Bizar Schengen, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 tun Yunin 2024, a ƙa'ida kwana 15 ake yanke hukunci a kanta, amma ana iya ja har kwana 45, ban da jiran samun ranar ganawa. Ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito, caca ka yi. Ka jira ta fito, araha ta wuce. Shawarata ita ce ka jira fasfonka ya dawo hannunka, ko kuma ka ɗauki tikitin tsakiya wanda ake iya sokewa. Kuma jirgin da za ka hau ranar da ka sauka daga jirgin sama, kada ka ɗaure kanka da lokaci, layin shige da fice ba ya duba agogonka.

Wasu ƙananan abubuwa ga baƙi, a gurguje. Eurostar da ke ratsa ƙarƙashin teku tsakanin Faris da Landan tun 1994, awa biyu da 'yan mintoci ne, amma Birtaniya ba ta cikin Schengen, sai da bizarta daban, kuma tun a tashar tashi ake duba fasfo. Tikitin intanet yawanci da suna yake, ka rubuta shi yadda yake a fasfo kuma ka riƙe fasfon a jikinka. A Italiya tikitin takarda na jirgin yanki sai ka buga masa hatimi a na'urar da ke tasha kafin ka hau, in ba haka ba tara. A jiragen nesa na Jamus tun 2022 an daina sayen tikiti a hannun mai dubawa, kuma hawa ba tikiti laifi ne da ke iya kai mutum gaban alƙali, abin da mai neman sabunta takardun zama ba ya so ko kaɗan. Ouigo, jirgin Faransa mai araha, yana cajin ƙarin kuɗi a kan babban akwati, mu kuwa ba a san mu da tafiya da 'yar jaka ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 15 kyauta suke tafiya da babba a jiragen nesa na DB, amma daga shekara 6 sai an shigar da su tun wajen saye. Shi kuma tikitin yawo na Eurail, wanda ake sayar wa waɗanda ba mazauna Turai ba, yana da riba ga mai zagaya ƙasashe da yawa, sai dai a Faransa da Italiya da Sifaniya dole ka ƙara kuɗin kujera a kowane jirgi mai gudu. Wanda zai yi tafiya biyu ko uku kacal ya yi lissafi tukuna.

Wani zai ce mu da muke fama da tikitin Abuja zuwa Kaduna, ina ruwanmu da wannan? Ai kun tuna dalilin da ya sa aka koma sayarwa ta intanet a Janairun 2021: koke-koken cewa tikiti na ƙarewa a kanta ya bayyana a hannun 'yan bayan fage. Can ma tambayar ita ce wa ke tsaye tsakanin fasinja da kujera, kuma nawa yake ci. Na Turai dai an yi masa rajista yana ba da rasit.

Abin da na yarda yana sauko da farashi da gaske shi ne gogayya. Italo ya fara aiki a 2012, tun daga nan hanyar Roma zuwa Milan ta zama kasuwar mai saye, jirage a jere, ko saura kwana biyu kana iya samun abin da hankali zai ɗauka. A Sifaniya Ouigo ya shiga hanyar Madrid zuwa Basalona a Mayun 2021, Renfe ya fito da nasa mai araha, Avlo, wata guda bayan nan, Iryo ya biyo baya a Nuwamban 2022. Farashi ya faɗi, fasinjoji suka ƙaru. Sai dai kowane sabon kamfani ƙarin shafi ne, ƙarin tikiti daban, ƙarin wurin da canji zai kuɓuce maka ba mai alhaki. Shi ya sa dillalai ke ƙara ƙarfi, shi ya sa kuma gyaran dokar ya zama dole.

A watan Yulin 2024, lokacin da Ursula von der Leyen ke neman wa'adi na biyu a shugabancin Hukumar Tarayyar Turai, ta yi alƙawarin dokar da za ta ba mutum damar sayen tikiti ɗaya a dandali ɗaya don tafiyarsa duka, tare da haƙƙinsa na fasinja daga farko har ƙarshe. Kamfanonin jirage na cewa a bar su su daidaita tsarinsu da kansu, dillalai na cewa a tilasta musu buɗe rumbu. Ni a matsayina na mai hawa, manhaja guda ba ta dame ni ba sosai, na saba buɗe shafi huɗu. Sashe na biyu na alƙawarin nake sa wa ido. Idan na bar tazarar da ta dace kuma jirgi ya makara, a ɗora ni a na gaba, ko tikitina ɗaya ne ko uku, ko a wurin wa na saya, su kamfanonin su je su raba asarar a tsakaninsu. Idan aka tsaya a kan gyara shafin saye aka bar wancan layin mai ƙananan baƙaƙe yana aiki, dattijo na gaba ma a tasha magariba za ta same shi.

Masu shirin zuwa hutun ƙarshen shekara, ku fara leƙa shafukan daga tsakiyar Oktoba, lokacin ne sabon jadawalin Jamus ke fitowa. Wanda tafiyarsa ke da canji tsakanin ƙasa biyu, ya turo mini garuruwan da ranar kafin ya biya, in duba masa ko tikiti ɗaya ne. Kada dai a turo lambar kati ko hoton fasfo, ba na buƙatarsu.